Fita Shan Iska Bakin Tafki da Kogi: Tambayoyin da Aka Fi Yi da Amsoshinsu

Waɗannan tambayoyi ne da ba sa ƙarewa a bakin masu son kashe hutun ƙarshen mako a gaɓar ruwa, daga wanda bai taɓa fita ba har wanda ya saba amma wani abu ya ɗaure masa kai. An fara da na lokaci da kallo, sannan na shiri, sannan na tsare rai da lafiya. Kowace amsa tana iya tsayawa da ƙafarta, inda kuma ta jingina da wata an nuna.

Wane lokaci na shekara ya fi dacewa a je bakin ruwa?

Ya danganta da abin da idonka ke nema. A ƙasashe masu zafi, inda shekara ta rabu tsakanin damina da rani, tsakiyar damina ita ce lokacin da komai ya yi kore shar, sai dai ruwan ya yi jajir da laka, hanya ta yi taɓo, sauro kuma ya yi yawa. Da rani ruwa yakan janye ya bar tsibiran yashi, dabbobi da tsuntsaye su taru a ɗan abin da ya rage, don haka mai son kallon su ya fi samun biyan buƙata. A ganina makonnin da ke biye da ɗaukewar ruwan sama sun fi kowane lokaci: tafki na cike, laka ta kwanta, ciyawa ba ta bushe ba tukuna, hanya kuma ta fara biyuwa.

A ƙasashe masu sanyi kamar Kanada ko Jamus ko Japan, shekara kashi huɗu ce, kowane kashi da fuskar da yake ba ruwa: furanni da narkewar ƙanƙara wajen Afrilu, dogon yini a Yuli, jajayen ganyaye a Oktoba, daskarewa a Janairu. Wanda zai je kudancin duniya, irin su Afirka ta Kudu ko Ajantina ko Ostireliya, sai ya juya lissafin, domin can Disamba ce tsakiyar zafi.

Me ya sa wani kogin ke cika alhali an daɗe ba a yi ruwan sama ba?

Domin kogi ba ruwan garinku kaɗai yake ɗauke da shi ba. Abin da kake gani yau wataƙila ya sauka ne watanni da suka wuce, a wata ƙasa mai nisa. Ruwan da ake yi a tsaunukan Angola sai ya yi wata da watanni a hanya kafin ya malale fadamar Okabango ta Botsuwana, yakan kai ƙololuwa tsakanin Yuni da Agusta, tsakiyar ranin wurin ke nan. Kogin Neja a Yamai sau biyu yake cika: jan ruwa na damina wajen Agusta da Satumba, sai kuma baƙin ruwa da ya taso daga tsaunukan Gini, wanda ke isowa wajen Janairu bayan ya baro lakarsa a fadamun Mali.

A Kambodiya abin ya fi haka ban mamaki. Idan kogin Mekong ya tumbatsa da damina, sai kogin Tonle Sap ya juya da baya yana zuba cikin tafkinsa, tafkin ya ninka faɗinsa sau huɗu ko biyar, da rani kuma ruwan ya koma yadda ya saba gudu.

Amfanin sanin wannan shi ne kada ka tsara tafiya da kalandar ruwan sama kawai. Magangarar ruwa ta Biktoriya, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, mai faɗin kusan mita 1,700, tana kai ƙarshen ƙarfinta wajen Afrilu, har feshin yakan hana ka ganin ita kanta magangarar. Wajen Nuwamba kuwa wani sashe nata dutse ne tsirara. Kowanne da kyansa, amma gara ka san wanda za ka tarar. Wannan kuma ya shafi inda za ka kafa tanti, kamar yadda ya zo a amsar kwana a gaɓa.

Tafki ko kogi, wanne ya fi ga mai fita karon farko?

Tafki, musamman ƙarami mai gaɓa shimfiɗaɗɗiya. Ruwansa ba ya ja, zurfinsa ba ya sauyawa cikin sa'a ɗaya, kuma akwai wurin zama. Kogi ya fi motsi da abin kallo, amma yana son wanda ya iya karanta shi. Babban tafki kuma kada a raina shi don sunansa tafki: na Biktoriya ya kai kusan murabba'in kilomita 68,000, igiyar ruwansa ba ta da maraba da ta teku idan iska ta taso.

Wace sa'a ce ruwa ya fi kyan gani?

Asuba, ba tantama. Da dare iska takan kwanta, shi ya sa da sassafe tafki ke zama kamar madubi, ka ga bishiya biyu, ɗaya a tsaye ɗaya kife. Da rana ta ɗaga, ƙasa takan riga ruwa yin zafi, iskar da ke kanta ta yi sama, ta kan ruwa mai sanyi ta kwararo ta maye gurbinta. Ita ce iskar nan mai daɗi da kake ji da hantsi zuwa la'asar, kuma ita ce ke yamutsa fuskar ruwan.

Yamma ma tana da nata, sai dai a lura da abu ɗaya. Kusa da tsakiyar duniya rana ba ta jan ƙafa wajen faɗuwa. Cikin minti 20 zuwa 25 bayan ta ɓace duhu ya soma rufewa. A arewacin Turai kuwa, a watan Yuni, hasken yakan daɗe ƙwarai. Wanda zai sauko daga kan dutse ko ya tuƙo kwale-kwale zuwa gaɓa ya yi lissafin wannan tun rana na sama.

Hayaƙin nan da ke tashi a kan ruwa da sanyin safiya, mene ne?

Hazo ne na tururi. Ruwa ba ya saurin sakin zafin da ya tara, don haka a daren da aka yi sanyi sosai yakan wayi gari ya fi iskar da ke kansa ɗumi. Tururin da ya tashi daga gare shi yana haɗuwa da iskar mai sanyi sai ya koma ƙananan ɗigo, ka gan shi yana murɗawa kamar hayaƙin tukunya, tsayinsa bai fi na mutum ba. An fi samunsa a farkon lokacin sanyi, a daren da babu gajimare babu iska. Ba ya daɗewa: na taɓa tsayawa ina kallon wani zalɓe a cikinsa, ƙafafunsa sun ɓace sai wuya da baki kawai ke yawo, kafin in ciro waya daga aljihu in saita, rana ta leƙo ta cinye hazon, zalɓen ya koma tsuntsu kamar kowane tsuntsu.

Me ke sa launin ruwa ya bambanta daga wuri zuwa wuri?

Abin da ruwan ya kwaso a hanya. Ja ko ruwan ƙasa laka ce. Baƙi-baƙi kamar shayin da ba madara yawanci ruwa ne da ya ratsa daji ya jiƙa ruɓaɓɓen ganye. Shuɗi mai haske na tafkunan kan tsauni, irin na Suwizalan da Kanada, garin dutse ne da ƙanƙara ta niƙa ya yi laushi har ba ya kwanciya. Kore kuwa gansakuka ce, kuma idan ta yi kauri kamar an zuba fenti, a duba amsar cututtuka kafin a taɓa.

Mahaɗar koguna biyu ita ce wurin da ake ganin wannan ƙuru-ƙuru. A Khartum, Farin Nilu da Shuɗin Nilu sukan yi tafiya kafaɗa da kafaɗa kowa da launinsa. Kusa da Manawus a Burazil, baƙin ruwan Riyo Negro da ruwan laka na Solimoes suna yin kimanin kilomita 6 ba su gauraya ba, saboda sun bambanta a zafi da gudu da nauyi.

Jajayen ganyayen da ake gani a hotunan tafkunan ƙasashen sanyi, yaushe ake samunsu?

A arewacin duniya daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba, ana farawa daga arewa da kan tsaunuka a gangaro. Idan yini ya gajarta, bishiya takan daina yin sinadarin da ke ba ganye launin kore, sai ɗorawa da ruwan lemo da dama ke ɓoye a ciki su fito, wasu bishiyoyin kuma su ƙera ja sabo. Rana mai haske da dare mai sanyi su ke sa jan ya yi ƙarfi. Ƙololuwar abin a wuri ɗaya ba ta wuce mako ɗaya zuwa biyu, iska mai ƙarfi ta dare ɗaya kuma tana iya kakkaɓe komai, don haka ba tafiyar da ake ɗaure wa rana tun watanni shida ba ce.

Kwana biyu kacal nake da su. Yaya zan tsara?

Kada ka zaɓi wurin da zai cinye maka fiye da sa'a uku a hanya, in ba haka ba mota ka je kallo. Ka isa da yammacin rana ta farko ko hantsinta, ka zaga ka gane wurin da ido, ka tambayi mazauna gaɓar abin da ya kamata, ka kwanta da wuri, ka ba asubar rana ta biyu haƙƙinta. Ka juyo da sauran rana, domin tuƙin dare bayan yini cikin zafi ba abin wasa ba ne.

Shawarar da mutane ba su cika so ba amma ta fi amfani: maimakon sabon wuri kowane mako, ka riƙe wuri ɗaya ka riƙa koma masa a lokuta daban-daban na shekara. Sai a zuwa na uku ko na huɗu za ka fara lura cewa dutsen da ka zauna a kai a Maris yana ƙarƙashin ruwa a Satumba.

Me zan ɗauka?

Ruwan sha fiye da yadda kake zato, guzuri, hula, maganin shafawa na korar sauro, tocila, 'yan kayan ɗaurin rauni, jakar kwashe shara, da riga mai kauri ko da kuwa lokacin zafi ne, don gaɓar ruwa takan yi sanyi da asuba. Takalmi ya zama mai kama ƙasa wanda ba ya tsoron jiƙa. Silifa a kan dutse mai gansakuka tana iya kai mutum asibiti. Waya a saka ta cikin leda mai zugewa, a sauke taswirar wurin tun a gida, don ba ko'ina ake samun sabis ba. A ƙarshe, igiya mai tsawon mita 15 ko 20, wadda amfaninta ya zo a amsar ceton wanda ya faɗa ruwa. Kafin ka fita kuma ka gaya wa wani inda za ka da lokacin da za ka dawo.

Ina son kallon tsuntsaye. Yaushe suka fi yawa?

A dausayoyin Afirka, daga wajen Oktoba zuwa Maris, lokacin da baƙi daga Turai da Asiya ke gudo wa sanyi su sauka kan 'yan gida irin su balbela da zalɓe da kirinjijiya da gauraka. Gandun Juj da ke bakin kogin Senegal, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1981, yana daga wuraren farko da suke samun ruwa bayan sun ƙetare Sahara. A ƙasashen sanyi kuma lokutan wucewarsu ne suka fi, wato wajen Afrilu da wajen Satumba. Yawancin manyan wuraren nan suna cikin jerin yarjejeniyar kare dausayi da aka sa wa hannu a garin Ramsar na Iran ranar 2 ga Fabrairu, 1971, kuma duba jerin hanya ce mai sauƙi ta gano wuri mai kyau kusa da kai.

Dabarar ba ta da yawa: tufafi marasa ƙyalli, rana a bayanka, ka zauna ka yi shiru. Minti goma sha biyar na zama wuri ɗaya ya fi sa'a guda ta zagaye. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya isa. Idan tsuntsu ya daina kiwo ya miƙe wuya yana dubanka, ka matso da yawa ke nan.

Yaya zan ɗauki hoto mai kyau da waya?

Ka goge gilashin kyamarar, ka daidaita layin da ruwa ya haɗu da sama kada ya karkace, ka durƙusa kusa da ruwan idan inuwar bishiyoyi kake so ta fito. Ka sa wani abu a gaba, ko kwale-kwale ko reshe, don fili ya nuna zurfinsa. Kuma kada ka ja da baya kana kallon waya a bakin gaɓa.

Na iya ruwa sosai. Akwai abin da zai hana ni iyo?

Akwai, kuma gwanaye ma suna shiga matsala domin su ke nisa da gaɓa. Hausawa sun ce iya ruwa fidda kai, to fidda kan a nan ya haɗa da sanin inda ba a shiga. Abu na farko sanyi ne. Tafki mai zurfi hawa-hawa yake: saman ya yi ɗumi, amma 'yan mitoci a ƙasa akwai wani ruwan mai sanyin gaske, saboda ruwan sanyi ya fi nauyi, yana kai ƙarshen nauyinsa a digiri 4 na ma'aunin Selshiyos. Faɗawa farat ɗaya cikin ruwan da bai kai digiri 15 ba yana sa mutum ya ja numfashi ba da sonsa ba, idan kuma kansa na cikin ruwa a lokacin, ruwa ya shaƙa. Wanda haka ta same shi ya kwanta rigingine, ya buɗe hannuwa da ƙafafu, ya jira minti ɗaya ko biyu numfashi ya daidaita kafin ya fara iyo.

Na biyu ja. Kogi ya fi zurfi da gudu a gefen waje na lanƙwasarsa, inda yake cin gaɓa. Bishiyar da ta faɗa cikin ruwa kamar rariya take, ruwa ya wuce, mutum ya maƙale. Mafi muni shi ne ƙasan ƙaramar madatsa, inda ruwa ke faɗowa ya murɗa ya dawo. Yana kama mutum ya riƙa juya shi, ko da rigar ceto a jikinsa. Idan ruwa ya ja ka, kada ka yi kokawa da shi: ka kwanta ta baya, ƙafafu gaba, ka riƙa karkata zuwa gaɓa a hankali.

Na uku, kada ka yi tsalle da ka cikin ruwan da ba ka ga ƙasansa ba, ko da bara ka yi a wurin, domin yashi da duwatsu suna ƙaura. Kada ka shiga kai kaɗai, kada kuma ka shiga bayan shan abin da ke gusar da hankali.

Za mu je da yara. Me ya fi muhimmanci?

Ido, kuma idon mutum ɗaya takamaimai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar ne. Yaro ba ya ihu idan yana nutsewa, don bakinsa na neman iska ne. Abin yakan ƙare cikin ƙasa da minti ɗaya, a ruwan da bai kai gwiwa ba ma. Ana samun haka har a taron manya da yawa, inda kowa ke zaton wani na kallo. Sai a naɗa mutum ɗaya, ba waya a hannunsa, a riƙa canji bayan kowane minti 20, ana faɗa da baki: "Yanzu ke ce da su." Ƙaramin yaro kada ya wuce inda hannu zai kai gare shi. Balan-balan ɗin da ake hurawa a sa a hannu kayan wasa ne, ba ya maye gurbin rigar ceto.

Ta yaya zan gane kwale-kwalen da bai kamata in shiga ba?

Ka dubi tazarar da ke tsakanin bakinsa da ruwa bayan kowa ya zauna. In ta rage kamar tafin hannu, an yi lodi fiye da kima, ka sauka ko da an yi maka dariya. Ka duba ko akwai rigar ceto ga kowa, ka sa taka ka ɗaure tun a gaɓa, domin ba a sa ta a cikin ruwa. Ka lura ko akwai abin kwarfe ruwa da filafili na ko-ta-kwana idan inji ya mutu. A ciki a zauna ƙasa-ƙasa, kada kowa ya ruga gefe ɗaya don an ga wani abu. In ya kife, a riƙe shi; yawanci ba ya nutsewa gaba ɗaya, kuma masu ceto sun fi saurin hango jirgi a kan kan mutum. Tafiyar dare da ta lokacin hadari a bar su.

Hadari ya taso muna bakin ruwa. Me za mu yi?

Ku fita daga ruwan nan take. Sauti na tafiyar kusan kilomita ɗaya cikin daƙiƙa uku, don haka idan ka ga walƙiya ka ƙirga har ka ji tsawa, ka raba da uku, ka san nisanta. Ƙasa da daƙiƙa 30 na nufin tana iya kai muku. Mafaka ita ce gini na sosai ko mota mai rufin ƙarfe da gilasai a rufe. Ƙarƙashin bishiya tilo da rumfa da tanti ba mafaka ba ne. A jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe.

A hanyar komawa kuma kada a gwada ƙetare ruwan da ya hau kan titi. Mai gudu da ya kai santimita 15 yana kayar da babba, santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota.

Waɗanne cututtuka ake ɗauka a ruwan tafki da kogi?

A sassa da yawa na Afirka, da wasu na Gabas ta Tsakiya da Kudancin Amurka da Asiya, babbar ita ce tsargiya, wadda likitoci ke kira bilharziya, da sunan Theodor Bilharz da ya gano tsutsarta a Alƙahira a 1851. Tsutsar na girma a jikin wata ƙaramar katantanwa da ke son ruwa mai kwanciya da ciyayi, ta fito ta huda fatar wanda ya shiga. Ba sai ka sha ba, kuma kyan ruwa ba shaida ba ne. Tafkin Malawi garau yake amma akwai ta. Alamun sukan zo bayan makonni: zazzaɓi, ciwon ciki, jini a fitsari ko bayan gida. Tana da magani, sunansa praziquantel, amma sai ka gaya wa likita cewa ka shiga ruwa, in ba haka ba zai yi ta neman wani abin.

Sauron zazzaɓin cizon sauro daga magariba zuwa asuba yake aiki, don haka gidan sauro dole ne ga mai kwana. Kusa da ruwa mai gudu da ƙarfi akwai wani ɗan baƙin ƙuda mai cizo da rana, wanda ke yaɗa cutar makantar kogi. Dogon hannu da dogon wando suna rage cizonsa. Koren kumfa mai kauri da ke taruwa a tafki lokacin zafi yana iya ɗauke da guba, har yakan kashe karnuka da dabbobin da suka sha, kuma tafasawa ba ta kashe wannan gubar. In ba wannan ba, ruwan da za a sha a tace shi a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana tafarfasa. Mai buɗaɗɗen rauni kada ya shiga ruwa.

Kada da dorina fa?

Tambaya ɗaya ga masunta ta fi duk abin da za a rubuta a nan. Inda aka ce akwai kada, ka tsaya nesa da bakin ruwa da mita biyar ko fiye, kada ka tsuguna wanke hannu, kada ka riƙa zuwa wuri ɗaya a lokaci ɗaya kullum, kada ka zubar da ragowar kifi kusa da masauki. Dorina da dare take fitowa kiwo, ta koma da asuba ta hanyar da ta saba, kuma mafi haɗarin wuri shi ne tsakaninta da ruwa. Duk girmanta, a ɗan gajeren zango tana kai kusan kilomita 30 a sa'a. Idan ka ga faffaɗar turba da ta fito daga ruwa ta shiga ciyawa, ba mutane suka yi ta ba.

Zan iya kafa tanti a gaɓa in kwana?

Inda doka ta yarda, ƙwarai, amma a kan tudu. Ka nemi layin da ambaliyar baya ta bari, wato busasshen ciyayi da tarkacen da suka maƙale a rassan bishiya, ka kafa sama da shi. Busasshen rafi da tsibirin yashi su ne wuraren da suka fi jan hankali, su ne kuma mafi muni, domin ruwan da aka yi a tsauni mai nisa ko buɗe ƙofar madatsa yana iya isowa da tsakar dare ba tare da ɗigo ɗaya ya sauka a kanka ba.

Na koyi wannan da jikina. Mun taɓa kwana a kan wani yashi mai laushi, muka bar takalma a ƙofar tanti, ruwa na can nesa kamar taku talatin. Wajen ƙarfe uku na dare wani daga cikinmu ya fita, sai muka ji ya ce, "Kai, ku tashi, ina takalmana?" Da muka haska tocila, ga ƙafa ɗaya tana juyi a hankali a kan ruwa, tazarar da ta rage mana ba ta fi taku biyu ba. Ashe an saki ruwa daga madatsar da ke sama, ba kuma wanda ya gaya mana don ba mu tambayi kowa ba. Tun daga ranar nake kafa tsinke a bakin ruwa da yamma, in duba shi kafin in kwanta.

Wurin biyan buƙata ya yi nisan mita 60 daga ruwa, a haƙa rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20 a rufe. Wanke-wanke ma a ɗebo ruwan a yi a can nesa.

Idan wani ya faɗa ruwa, in bi shi?

Sai in an horar da kai. Mai nutsewa yana damƙe duk abin da ya samu ya hau kansa, shi ya sa sau da yawa ake fitar da gawa biyu. Ka yi kururuwa a kira masu ceto, ka kwanta rub da ciki a gaɓa ka miƙa masa sanda ko filafili, ko ka jefa masa igiya ko jarkar da babu komai ciki mai murfi a rufe. In an fito da shi ba ya numfashi, a fara da hura masa iska a baki, sannan danna ƙirji sau 30 da hura iska sau 2, a ci gaba har taimako ya zo. Kada a ɓata lokaci wajen kife shi ana matsa ciki don ruwa ya fita. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti, don huhun na iya rikicewa bayan sa'o'i.

Ana iya tafiya a kan tafkin da ya daskare?

Ana yi, a tafkin Baikal na Rasha, mai zurfin mita 1,642, har motoci ke bi ta kai a tsakiyar hunturu. Ƙa'idar da aka saba ita ce sabuwar ƙanƙara garau ta kai kaurin santimita 10 kafin mutum ya taka. Fara mai kama da madara ƙarfinta kusan rabin na garau ne, ta kan kogi da ta kusa da mashigar ruwa kuma ba a yarda da ita. Baƙo ya bi sawun 'yan gari kawai.

Sai da izini ake kamun kifi ko shiga da jirgi?

A ƙasashe da yawa haka ne, musamman a gandun gwamnati da tafkunan da gari ke sha daga gare su, akwai kuma watannin da ake hana kamu don kifi ya hayayyafa. A tambaya kafin a jefa fatsa, kuma kada a taɓa raga ko tarkon da aka tarar a ruwa, abincin wani ne. Zaren fatsa da ya tsinke a naɗe shi a tafi da shi, don yana ɗaure ƙafar tsuntsu.

Mai yawo da nasa jirgin daga wannan ruwa zuwa wancan ya wanke shi ya shanya ya bushe sarai kafin ya sake sa shi. Ciyawar nan mai shuɗin fure da ke yawo a kan ruwa asalinta daga Kudancin Amurka take, kyanta ya sa aka riƙa kai ta wurare, zuwa shekarun 1990 kuma ta toshe mashigan jirage a tafkin Biktoriya har masunta suka rasa hanyar fita. Ɗan reshe ɗaya da ya maƙale a farfelar inji ya isa ya kafa ta a sabon tafki.